Tambayoyinku kan mota: na gauraya baƙin mai iri biyu, injina zai lalace?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Motata ƙarama ce mai shan fetur. Littafinta ya ce a riƙa zuba mata 5W-30, kuma shi nake zubawa tun da na saye ta. Makon jiya ina cikin doguwar tafiya na tsaya shan mai, na zaro geji sai na ga baƙin man ya sauka ƙasa da layin ƙasa. Ban sami 5W-30 a wurin ba, sai 20W-50, na sayi lita ɗaya na ƙara. Da na dawo na ba wani abokina labari, ya ce ai na gama kashe injin, wai mai biyu ba sa shiri, za su dunƙule su toshe hanyoyin mai. Tun ranar ban sake tayar da motar ba. Mene ne abin yi? *Daga wani malamin makaranta*

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ɗauki makullinka ka tayar da motarka, babu abin da ya same ta. Abin da ka yi a hanya shi ne daidai. Da ka ci gaba da gudu da man da ya sauka ƙasa da layi don kawai ba ka sami irin naka ba, haɗarin da za ka jefa injin ciki ya fi wannan nesa ba kusa ba. A nan kam da babu gara ba daɗi.

Maganar dunƙulewa ba ta da tushe a man mota na zamani. Duk man injin fetur da ke ɗauke da tambarin API, wato cibiyar harkokin man fetur ta Amurka, sai ya tsallake wani gwaji mai lamba ASTM D6922 kafin a ba shi tambarin: a gauraya shi da wasu mayuka na gwaji, a gasa, a sanyaya, a duba ko zai rabu ko ya yi gudaji. Wanda ya rabu ya faɗi. Ka kuma lura cewa duk ranar da aka yi maka juye, ba a taɓa zubar da tsohon man kaf. Akwai wanda ke maƙale a hanyoyin mai, a kan top, wato saman injin, a cikin famfo. Duk wanda ya taɓa sauya kamfanin man da yake saya ya riga ya yi gauraye bai sani ba. Man da na sani ba ya haɗuwa da sauran shi ne na tsofaffin motocin tsere da ake yi da man zurma, kuma ba shi ake sayarwa a gidan mai ba.

To amma gaurayen da ke cikin injinka yanzu, mene ne shi? Sai mun leƙa lambobin nan. Ƙungiyar injiniyoyin mota ta SAE ce ta fara rarraba baƙin mai gwargwadon kaurinsa a 1911, kuma tsarinta mai lamba J300 ake bi har yau. Lambar da ke bayan ɗan layin, 30 ko 50, tana faɗin kaurin man idan ya yi zafi. Ana auna shi a digiri 100 na ma'aunin Selshiyos, da wani awo da ake kira sentistok. Ruwan sha da ba a ɗumama ba yana wajen 1 a wannan awo. Man da aka rubuta wa 30 dole ya faɗa tsakanin 9.3 da 12.5. Mai 40 daga 12.5 zuwa 16.3. Mai 50 daga 16.3 zuwa 21.9. Ka ga ke nan lambar ba ɗigo guda ba ce, fili ne mai faɗi, shi ya sa mai biyu na kamfanoni daban za su iya zama duk 30 amma ɗaya ya fi ɗaya kauri.

Lambar farko mai harafin W kuwa ta sanyi ce. Ana gwada yadda inji zai iya juyawa da man a cikin tsananin sanyi: 5W a digiri 30 ƙasa da sifili, 10W a 25, 15W a 20, shi kuma 20W a 15 ƙasa da sifili. Mutane da yawa sun ɗauka man 5W-30 yana farawa ne da ruwa-ruwa sannan ya yi kauri idan inji ya ɗauki zafi. Ba haka ba ne. Kowane mai tsinkewa yake yi da zafi. Man 5W-30 yakan kai wajen 60 a digiri 40, ya sauko wajen 10 a digiri 100. Abin da masu haɗa shi suka yi kawai shi ne sun rage masa saurin tsinkewar, da wasu sinadarai masu kama da zaren da aka nannaɗe, wanda zafi ke warware shi ya riƙe man.

Yanzu mu yi lissafin motarka. Mu ɗauka injinka lita 4 yake sha, saura lita 3 na 5W-30 mai kaurin 10.5, ka ƙara lita 1 ta 20W-50 mai kaurin 18. Kaurin gauraye ba ya bin raba-daidai irin na lissafin aji, yakan ɗan karkata wajen wanda ya fi tsinkewa. Idan aka bi ƙa'idar za a tashi da wajen 12. Wato idan injin ya yi zafi, man da ke cikinsa bai ma fita daga filin 30 ba, yana dai can ƙarshen sama. Inda ka yi asara shi ne ɓangaren sanyi. Babu wanda zai iya rantse maka cewa gaurayen har yanzu 5W ne. Da safe zai ɗan fi jan ƙafa kafin ya hau sama ya kai kan bawul. Ga mai zaune inda ruwa ke daskarewa wannan abin dubawa ne. Ga wanda ba ya ganin irin wannan sanyi, ka tayar, ka ba shi ɗan lokaci kaɗan, ka tafi a hankali har ya ɗumama, shi ke nan.

Asara ta biyu ba a ganinta da ido. Abin da ke cikin galan ba zallar mai ba ne, sinadaran da ake ƙarawa sukan kai kashi ɗaya cikin biyar: masu wanke datti, masu riƙe baƙin hayaƙi kada ya zauna, masu hana kumfa, masu kashe tsamin da ƙonewar fetur ke haifarwa, da sinadarin zinki da fosfaras da ke shimfiɗa kariya inda ƙarfe ke gugar ƙarfe. Kowane kamfani ya auna nasa ya gwada su tare. Idan ka haɗa biyu, ba za su yi faɗa ba, amma ka sami abin da babu wanda ya taɓa gwada shi, kuma hankali shi ne ka ɗauke shi a matsayin mafi rauni cikin biyun. Saboda haka kada ka ja wannan man har ƙarshen wa'adinsa. Ka matso da ranar sabis kusa, a juye, a sauya filta, a zuba 5W-30. Ba sai an wanke injin da wani ruwan wanki ba, kada kowa ya sayar maka da wannan.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka ba gaurayen ba ne, Malam. Ina lita ɗayar ta tafi? A yawancin ƙananan motoci, tsakanin layin sama da na ƙasa a geji wajen lita ɗaya ne. Naka ya wuce layin ƙasa ma. Ko dai yana zuba, ko injin yana ƙona shi. Shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar da dare ka duba da safe. Duba gefen murfin top da wajen filta da notin juye ko akwai damshi. Sa wani ya tsaya a baya ya kalli salansa lokacin da ka tayar da safe da kuma lokacin da ka taka totur: hayaƙi mai shuɗi-shuɗi mai ne ke ƙonewa, ko ta ringi ko ta robobin bawul. Akwai kuma ɗan bawul ɗin da ke fitar da iskar cikin inji, idan ya toshe yakan sa mota shan baƙin mai, kuma gyaransa ba wuya.

Na sha sauke injin da ƙarancin mai ya kashe, kuma kamanninsu ɗaya ne. Ka kwance kaskon ƙasa, ka cire metal ɗin da ke rungume da karanshaf, sai ka ga farin rufinsa ya goge har jan ƙarfen ciki ya bayyana, wani wurin ya yi zane-zane kamar an ja ƙusa, wuyan karanshaf ɗin ya yi shuɗi don ƙuna. A ƙasan kaskon kuma ga ɓarɓashin ƙarfe yana ƙyalli a cikin ɗan man da ya rage. Yadda abin ke faruwa shi ne, idan mai ya yi ƙasa, duk kwanar da ka sha ko birkin da ka taka sai ya kwaranya gefe guda, famfo ya zuƙi iska. Daƙiƙoƙi kaɗan na ƙarfe a kan ƙarfe a cikin gudu sun isa. Injin da gauraya 5W-30 da 20W-50 sau ɗaya ta yi wa haka kuwa ban taɓa buɗe shi ba. Daga yau ka riƙa duba geji kowane mako: mota a kan shimfiɗaɗɗen wuri, inji a kashe ya huta 'yan mintuna, ka zaro, ka goge, ka mayar har ƙarshe, ka sake zarowa. Kada kuma ka cika ya haura layin sama, don karanshaf zai riƙa bugun man ya mayar da shi kumfa. Kuma ka ajiye lita ɗaya ta irin naka a but.

Tambaya: Oga, barka da aiki. Motata ta yi tafiya sosai, ta fara 'yar ƙara da safe. Bakanikena ya ce 5W-30 ya yi mata ruwa, musamman lokacin zafi. Yanzu duk sabis rabin 5W-30 yake zubawa, rabin 20W-50, kuma gaskiya ƙarar ta ragu. In ci gaba? *Daga wani direba*

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. A'a, kada ka ci gaba. Naka ya sha bamban da na Malamin da ke sama. Shi larura ce ta kama shi a hanya sau ɗaya, kai kuma an mayar maka da ita ɗabi'a.

Ban ce bakanikenka bai ji abin da ya ji ba. Mai kauri yana rage ƙara, gaskiya ne, domin yana cike gibin da lalacewa ta buɗe. Amma ƙarar saƙo ce. Ƙarar safe da ke ɗaukewa bayan 'yan daƙiƙoƙi sau da yawa daga filta marar kyau take, wadda ke barin mai ya zurare ya koma ƙasa cikin dare, ko daga abin da ke ɗaure sarƙar taimin, ko daga 'yan turakun da ke ɗaga bawul. Kowanne da maganinsa. An toshe wa injin baki ne kawai, ciwon yana nan yana ci.

Maganar zafin gari ma a duba ta da kyau. Injin da lagiretonsa da fankarsa da tamostat ɗinsa ke aiki, ruwansa yana zama wajen digiri 90 ne ko rana ta ƙwalle ko an yi hadari. Zafin gari yana ɗan ɗaga zafin mai, musamman a cunkoso ko da kaya masu nauyi, shi ya sa wasu littattafan mota suke kawo jadawali mai nuna mai iri biyu ko uku gwargwadon yanayi. Buɗe naka ka gani. Idan ya yarda da 5W-40 ko 10W-40, sayi galan guda na wannan ka zuba shi shi kaɗai. Kamfani ya riga ya haɗa maka abin da bakaniken ke lalube da ka, ya kuma gwada shi. Rabi da rabin da ake yi maka zai faɗa wajen 40 ɗin ne dai idan ya yi zafi, sai dai ka biya kuɗin mai kyau ka ɓata masa saurin gudunsa na safe, lokacin da inji ya fi cin kansa.

Abin da nake tsoro shi ne mataki na gaba, domin na san yadda ake yi: bana rabi da rabi, baɗi zallar 20W-50. Injin zamani ba irin na da ba ne. Gibin da ke tsakanin ƙarafansa ƙanƙane ne, kuma mai ba santsi kaɗai yake bayarwa ba, aiki ake sa shi. Na'urar da ke sauya lokacin buɗewar bawul, wadda Toyota ke kira VVT-i, da matsin mai take motsi, ta cikin ƙananan ramuka da 'yar raga mai laushi. Mai kauri yana sa ta nawa, wuta ta kama a dashbod, mota ta rasa ƙarfi. Idan akwai tobo, wato na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska, sandarsa tana juyawa fiye da sau dubu ɗari a minti, tana buƙatar mai ya iso ta nan take. Mai ne kuma ke kwashe zafi daga ƙarƙashin fistin, kuma wanda ke gudu da sauri ya fi kwashewa. Ga ƙarin shan fetur.

Ba aibanta 20W-50 nake yi ba. Tsohuwar mota mai kafireto da aka ƙera don shi, shi ne abincinta, kuma wanda ya zuba mata 0W-20 shi ma ya yi kuskure. Kowane inji da nasa. Ka ce wa bakanikenka ya ɗaura agogon awon matsin mai ya gani, inji da sanyi da kuma bayan ya yi zafi, ya gwada da abin da littafin gyara ya ce. Idan matsin ya faɗi ƙasa, metal ko famfo ne suka gaji, kuma babu galan ɗin da zai mayar da ƙarfen da ya goge.

Tambaya: Malam, ina yini. Motata mai dizal ce, ba ta daɗe da fitowa ba. Littafinta ya ce 5W-30 mai alamar ACEA C3. Maigidana yana da ragowar 15W-40 na babbar motarsa, ya ce duk man dizal ne, in riƙa ƙarawa da shi. Haka ne? *Daga wata ma'aikaciyar jinya*

Amsa: Lafiya lau, Hajiya. Kin kyauta da kika karanta har haruffan, domin a motarki sun fi lambobin muhimmanci. Yawancin mutane gaban galan suke kallo, alhali labarin yana baya.

ACEA ƙungiyar masu ƙera motoci ce ta Turai. Rukunin C da ta ware na man da aka rage wa sinadaran da ke barin toka ne idan sun ƙone. Dalili kuwa, motocin dizal na zamani suna da matata a cikin salansa mai kama baƙin hayaƙi. Lokaci-lokaci motar da kanta takan ɗaga zafi ta ƙone hayaƙin da ya taru. Amma tokar da ta fito daga baƙin mai ba ta ƙonuwa, sai dai ta zauna tana taruwa har matatar ta cushe, kuma matatar nan tana cikin kayan mota masu tsada. Yawancin 15W-40 na manyan motoci, musamman masu tsohuwar alamar API irin CI-4 ko CH-4, tokarsu ta fi abin da C3 ya yarda da shi. Idan kina tsakiyar hanya mai ya yi ƙasa, babu wani sai shi, zuba kaɗan ki isa gida, sannan a juye da wuri. Amma ki riƙa ƙarawa da shi duk wata, wannan a'a. Ki nuna wa maigida shafin littafin, zai gane, tunda shi ma ba zai so a zuba wa tasa abin da ba nata ba.

Masu motar fetur su ma su riƙa juya galan. A tsarin API, harafin S na fetur ne, C na dizal. SN ya fito a 2010, SP a 2020, kuma sabo yana maye gurbin tsoho, amma tsoho ba ya maye gurbin sabo. Ƙananan injina masu tobo da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda suna da wata matsala ta wuta ta tashi kafin lokacinta idan ana tafiya a hankali aka taka totur, har takan fasa fistin, kuma an gano sinadaran da ke cikin baƙin mai suna da hannu a ciki. SP an gwada shi a kan wannan. Wanda ya tsinka shi da tsohon mai alamar SL ya rage wa kansa wannan kariya. Wasu kamfanonin ma suna da tasu alamar, kamar dexos1 na General Motors, ko 504 00 da 507 00 na Volkswagen. Idan motarki tana cikin garanti, zuba abin da ba shi aka rubuta ba zai iya zama hujjar ƙin gyara miki.

Akwai kuma waɗanda ko a larura ba sa shiga inji: man birki, man sitiyari, man giya. Kada lambar 80W-90 ta ruɗi kowa ya ɗauka baƙin mai ne mai kauri, awonsa daban ne, sinadaransa ma na haƙoran giya ne. Haka man da aka ɗebo daga buɗaɗɗen duro babu suna babu hatimi. Duk abin da na faɗa kan cewa gauraye ba ya kisa, ina magana ne a kan mai na gaskiya a rufaffen galan. Jabu ko shi kaɗai aka zuba ɓarna yake yi.

Tambaya: Yallaɓai, an ce wanda ya fara zuba sintetik ba ya komawa na gama-gari, kuma ba a haɗa su. Sannan ragowar na motar zan iya zuba wa babur ɗina? *Daga wani ɗalibi*

Amsa: Ƙanena, sintetik shi ne man da aka ƙara sarrafa shi da sinadarai a masana'anta, kuma ana komawa, ana kuma haɗawa. Wanda ake sayarwa da sunan rabin sintetik ai gaurayen biyun ne tun daga kamfani. Sai dai idan ka haɗa, ka bi wa'adin juye na gama-garin, kada ka bi dogon wa'adin sintetik.

Babur kuwa ka raba shi da man mota. A yawancin babura masu giya, mai ɗaya ne ke wanke inji da giya da kuloci. Man mota na zamani, musamman masu ruwa-ruwa irin 0W-20 da 5W-30, an sa musu sinadarin ƙara santsi don rage shan fetur, kuma yakan sa kuloci ya riƙa zamewa: ka murɗa totur, inji ya yi kuka, babur bai ƙara gudu ba. Nemi wanda aka rubuta wa JASO MA ko MA2, alamar Japan ta man babur, a bayan robar, da lambar kaurin da littafin babur ɗin ya ce.